Waƙafi da Riƙon Amana: Tarihin Dabarun Tsare Dukiya Domin Magada

Mu ɗauki misalin manomi mai gona eka 16 a kudancin jihar Maraɗi. Ya rasu ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza biyu da mata uku, iyayensa kuwa sun riga shi gidan gaskiya. Idan malami ya zauna rabon gado, matar za ta ɗauki tumuni, wato eka 2. Kowane namiji zai samu eka 4, kowace mace eka 2. Babu wanda aka zalunta. To amma idan ɗaya daga cikin ƴaƴan nan maza ya rasu ya bar iyali irin na mahaifinsa, ɗansa eka 1 zai tashi da ita, ƴarsa kuma rabin eka. Cikin zuriya biyu kacal, gonar da ta ciyar da gida guda ta koma ƴan feguna da ba su cika rumbu.

Wannan lissafi shi ke hana masu dukiya barci tun zamanin da. Ta yaya mutum zai tsare abin da ya tara kada ya watse bayan ransa, ba tare da ya danne haƙƙin magajinsa ba? Wa zai riƙe rabon maraya har ya yi hankali? Tarihi ya san manyan amsoshi biyu ga wannan tambaya: waƙafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi sani da hubusi, da kuma tsarin da Ingilishi ke kira tirast, wanda za mu kira riƙon amana. Sun yi kama ƙwarai, amma ƙarshensu ya sha bamban, kuma a wannan bambanci ne darasin yake.

Iyakokin da shari'a ta gindaya

Musulunci bai bar rabon gado a hannun mai dukiya ba. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka wa kowane magaji rabonsa, kuma farkon surar ya tsananta gargaɗi a kan dukiyar marayu, tare da umurnin a gwada hankalinsu kafin a miƙa musu abinsu. Wasiyya ma tana da iyaka. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka, a lokacin ƴa ɗaya gare shi, ya nemi ya ba da mafi yawan dukiyarsa sadaka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Daga nan malamai suka tsayar da ƙa'idoji biyu: wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran.

Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce abin da mutum ya yi da dukiyarsa yana da rai da lafiya. A nan waƙafi ya samu gurbi. Asalinsa da aka fi ambata shi ne filin da Sayyidina Umar ya samu a Haibara bayan buɗe ta a shekarar 628. Da ya nemi shawara, aka nuna masa ya tsare asalin filin, ya yi sadaka da amfaninsa. Sai ya shardanta kada a sayar, kada a kyautar, kada a gada, ya kuma lissafa masu cin amfanin, cikinsu har da dangi. Ginshiƙan waƙafi huɗu duk suna cikin wannan labari: mai bayarwa, dukiyar da aka tsare, masu cin amfani, da mai kula, wanda ake kira naziri.

Waƙafin zuriya

Ba a daɗe ba mutane suka gane cewa abin da ya halatta a yi wa masallaci da matafiya ya halatta a yi wa ƴaƴa da jikoki. Mutum zai tsare gidansa ko gonarsa ko shagunansa, amfanin ya riƙa zuwa ga zuriyarsa ɗaya bayan ɗaya, in zuriyar ta ƙare ya koma ga talakawa ko masallaci. Tun ƙarni na 9 aka fara rubuta littattafai sukutum a kan hukunce-hukuncensa, kamar na Hilalur Ra'ayi, wanda ya rasu a 859, da na Alhassafu, wanda ya rasu a 874.

Amfaninsa a fili yake. Dukiyar ba ta rarrabuwa, magaji almubazzari ba ya iya sayar da ita, masu bin magajin bashi ba su iya ƙwace asalinta, sarki mai kwaɗayi kuma yana jin nauyin taɓa abin da aka keɓe da sunan Allah. Wannan dalili na ƙarshe ya yi ƙarfi a Masar zamanin Mamalik, daga 1250 zuwa 1517, inda ƙwace dukiyar hakimin da ya faɗi ya zama ruwan dare. Hakimi sai ya gina makaranta ko masallaci, ya tsare musu gonaki da shaguna, ya naɗa ƴaƴansa masu kula da albashinsu, ya kuma ba su rarar kuɗin shiga.

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukanmu, sun yi wa hubusi shinge mai tsauri. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halilu na ƙarni na 14 duk sun yi magana a kai. Sharaɗi mafi girma shi ne karɓa: dole dukiyar ta fita hannun mai bayarwa ta shiga hannun wanda aka yi wa ko mai kula. In ya mutu, ko ya talauce, ko ya kwanta ciwon ajali kafin haka, hubusin ya warware, dukiyar ta koma gado. An sassauta wa uba mai riƙe wa ƙaramin ɗansa, muddin ya kafa shaidu kuma amfanin ga yaron yake zuwa. Haka nan mutum ba ya yi wa kansa hubusi. Abin da ya fi jan hankali kuwa, Halilu ya sanya hubusin da aka yi wa ƴaƴa maza aka bar mata cikin waɗanda ba su inganta ba, ko da yake wasu malaman baya sun sassauta hukuncin zuwa karhanci. Wato tun farko malamai sun hango cewa za a iya mai da waƙafi hanyar hana ƴaƴa mata abin da Alƙur'ani ya ba su. Hakan kuwa ta faru a wurare da dama na Arewacin Afirka, inda aka riƙa rubuta cewa ƴa mace tana cin amfani ne kawai in ba ta da aure, ƴaƴanta kuma ba su da rabo.

Yadda Ingila ta ƙago riƙon amana

Matsalar Ingila kishiyar wannan ce. A can babban ɗa namiji ne ke gadar ƙasa gaba ɗaya, kuma dokar ƙasa ba ta yarda a yi wasiyya da fili ba. Ƙannensa maza da mata sai su tashi hannu rabbana. Bayan haka, duk ranar da mai fili ya mutu, ubangidansa ko sarki yana karɓar kuɗi kafin magaji ya shiga gado. In magajin yaro ne, ubangidan ke cin amfanin filin har ya girma, shi ke kuma sayar da damar aurensa.

Sai mutane suka samo dabara. Mai fili zai miƙa filinsa ga amintattun abokai da yawa tun yana raye, da sharaɗin su riƙe don amfaninsa, bayan ransa kuma don amfanin waɗanda ya ambata. A idon doka abokan ne masu fili, kuma tun da suna da yawa, in ɗaya ya mutu ana maye gurbinsa, ba a taɓa samun ranar gado balle ubangida ya karɓi wani abu. Limaman ɗariƙar Faransisko, waɗanda suka iso Ingila a 1224 da alwashin ba za su mallaki komai ba, su ma da wannan hanya suka samu masauki. Kotunan ƙasa ba su san da alkawarin ba, saboda haka mai riƙo na iya cin amana ya zauna lafiya. A ƙarni na 15 ne kotun Shansela, babban wazirin sarki, ta ɗauki nauyin tilasta wa masu riƙo su cika alkawari. Daga nan amanar ta samu mai tsaronta.

Shin Ingilishi daga Musulmi suka koyo? Wata mai bincike, Monika Gaudiyosi, ta nuna a 1988 cewa takardar da Walta na Martan ya kafa kwalejinsa da ita a 1264, wadda take a Okusfod har yau, ta yi kama ainun da takardar waƙafi, kuma zamanin yaƙe-yaƙen Ƙudus ya haɗa mutanen biyu. Wasu masana sun fi ganin cewa asalin abin na cikin al'adun Turai ne. Ko ma dai wane ne ya yi gaskiya, abin lura shi ne dokokin gado biyu masu karo da juna sun haifi makami iri ɗaya. Musulmi sun yi amfani da shi don kada dukiya ta farfashe, Ingilishi kuma don kada ta taru a hannun ɗa guda.

Matan aure na Ingila ma sun fake da shi. Dokar can tana mai da dukiyar mace ta mijinta da zarar an ɗaura aure, don haka uba mai hali sai ya ajiye rabon ƴarsa a hannun masu riƙo inda miji ba ya kaiwa. Ƴaƴan talakawa ba su samu wannan kariya ba sai da dokar 1882 ta ba kowace matar aure ikon mallaka, ikon da mace Musulma take da shi tun farko.

Faɗa da masu mulki

Duk dukiyar da aka tsare, baitulmali ne ke hasara. Sarki Hanari na 8 ya sa majalisa ta yi doka a 1536 don rushe wannan dabara. Masu filaye suka fusata, dokar ta shiga cikin koke-koken masu tawayen arewacin Ingila a wannan shekara, har a 1540 sarki ya sassauta ya halatta wasiyya da mafi yawan fili. Lauyoyi kuma suka sake wa tsohuwar dabarar tufafi, ta dawo a matsayin riƙon amana na zamani.

Amma alƙalan Ingila sun yi abin da ya ceci tsarin: sun sa masa wa'adi. Tun daga shari'ar gidan Nofok a 1682 aka fara gina ƙa'idar cewa mamaci ba zai ɗaure dukiya har abada ba, aka ƙare a kan tsawon ran wanda ke raye lokacin kafa amanar, da ƙarin shekara 21. Attajiri Pita Telusan, wanda ya rasu a 1797, ya yi wasiyya a riƙa tara ribar dukiyarsa muddin ɗaya daga cikin ƴaƴansa da jikokinsa da ke raye bai mutu ba. Kotu ta inganta wasiyyar, amma majalisa ta yi doka a 1800 don kada wani ya sake haka. Shari'ar ta ja shekaru fiye da sittin, kuɗin lauyoyi suka lashe kaso mai yawa na abin da aka tara. Dokar 2009 ta mai da wa'adin shekara 125. A Amurka kuwa wasu jihohi sun bi ta baya, kamar Dakota ta Kudu wadda ta soke wa'adin a 1983 don janyo dukiyar attajirai.

Faransa ta ɗauki wata hanya. Manyan gidajenta suna da tasu dabarar ta ɗaure ƙasa daga ɗa zuwa jika. Juyin juya hali ya soke ta a 1792, kundin dokokin Napoliyon na 1804 ya tabbatar da hanin, ya kuma keɓe wa ƴaƴa rabon da uba ba ya taɓawa: mai ɗa ɗaya yana da ikon kyautar da rabin dukiyarsa, mai biyu sulusi, mai uku ko fiye rubu'i. Sai a 2007 Faransa ta karɓi wani nau'in riƙon amana mai suna fidusi, shi ma ta hana a yi amfani da shi wajen kyauta ko barin gado.

Waƙafin zuriya shi ya fi shan wuya. Da Faransawa suka ci birnin Aljazair a 1830, cikin watanni suka ɗora hannu a kan hubusin masallatai da na Makka da Madina. Dokar 1844 ta buɗe hanyar sayar da hubusi ga Turawa, dokar Warniye ta 1873 ta ƙarasa aikin, domin filin da ba ya sayuwa cikas ne ga baƙon da ke son gona. A Indiya, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta yanke a 1894 cewa waƙafin zuriya ba sadaka ba ce, sai da Muhammad Ali Jinna ya tsaya a majalisa aka maido da shi da dokar 1913.

Amma ba Turawa kaɗai suka rushe shi ba. Bayan ƙarnoni, waƙafi ɗaya yakan tara masu cin amfani ɗaruruwa, kowa na samun abin da bai taka kara ya karya ba. Gidaje suka riƙa rushewa don babu wanda ke jin nasa ne, wasu nazirai suka mai da amana gonarsu. Masar ta taƙaita shi zuwa zuriya biyu ko shekara 60 a 1946, sa'an nan ta soke shi a 1952. Siriya ta soke a 1949, Tunusiya a 1957. Farfashewar da aka guje wa a kan asalin dukiya ta dawo a kan amfaninta.

A ƙasashenmu

Sarakunan wannan yanki sun san waƙafi tun da daɗewa. A wajen shekarun 1240 mahajjatan Kanem suka ba da kuɗin gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, wadda ta zama masaukinsu. Littafin Tarihus Sudan ya ba da labarin cewa Askiya Muhammadu, a hajjinsa na 1497, ya sayi lambu a Madina ya tsare shi don mutanen Takruru. Duk da haka waƙafin zuriya bai yi jijiya a ƙasar Hausa kamar yadda ya yi a Fas ko Alƙahira ba. Daji yana da yawa, wanda ya sare shi ke da gona, arziki kuma yana cikin jama'a da dabbobi da tufafi, abubuwan da ke tafiya da ƙafa ko su tsufa.

Gandu shi ne ya yi mana aikin. Uba da ƴaƴansa suna noma babbar gona tare, kowa da gamanarsa a gefe. In uba ya rasu, babban wa ya riƙe gandun, ya ciyar da gida, ya biya haraji, ya yi wa ƙanne aure. Riƙon amana ne ba tare da takarda ba, kuma yana da irin lahanin da Halilu ya ji tsoro, domin a garuruwa da yawa ba a ba mace gona a gado, sai a ce mijinta zai ba ta. Yau ginshiƙan gandun sun girgiza. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 17. Dajin sarewa ya ƙare a kudu, gona ta zama abin sayarwa da jingina, ƙanne suna neman a raba tun kafin a yi sadakar arba'in. Binciken da Marta Jara da Mari Monimar suka buga a 2006 ya nuna yadda ƙarancin fili ke fitar da mata daga noma a kudancin ƙasar, da yadda wasu ke komawa ga hukuncin Musulunci don neman rabonsu.

Ta fuskar doka, tun 1962 kotunanmu ke bin al'adar masu shari'a a sha'anin gado, tare da mashawarta masana al'ada, al'adar kuma a mafi yawan wurare ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, masu ba da takardar shaidar mallaka, kyauta, sayarwa, aro da jingina. Senegal ta yi dokar waƙafi a 2015, wadda ta amince har da na zuriya. Nijar ta yi tata a 2019, aka kafa hukumar kula da waƙafi a 2020. Ke nan tsohon makamin ya dawo hannunmu a daidai lokacin da gandu ke sakin jiki.

Kammalawa

Me ya sa riƙon amana ya rayu a Ingila, waƙafin zuriya kuwa ya mutu a Masar da Tunusiya? Mulkin mallaka yana da nasa laifin, amma akwai dalilai na cikin gida. Ingila ta sa wa amanar wa'adi, ta kafa kotun da ke tuhumar mai riƙo, daga baya ta ba shi damar sayar da kadarar da ta daina amfani ya sayi wata. Inda aka rasa waɗannan, sharaɗin mamaci ya zama sarƙa a ƙafar masu rai. Mazhabar Malik ba ta rasa magani ba, domin ta yarda da hubusi na ƙayyadadden lokaci, wanda ke ƙarewa idan buƙatarsa ta ƙare. Uba na iya tsare gida ko shago don karatun ƴaƴansa na wasu shekaru, bayan haka dukiyar ta koma rabo bisa ƙa'ida.

Tarihin nan ya nuna abubuwan da ke tsare magaji: a yi abin da za a yi tun ana da lafiya, a rubuta, a kafa shaidu, a miƙa dukiyar a zahiri, a naɗa mai riƙon da zai riƙa ba da lissafi a gaban wasu, a yanka lokacin ƙarewa, kada kuma a cire sunan ƴa mace. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne suka fi kusa da gidajen da wannan magana ta shafa. Su ake kira a karanta takarda, su ake kira a yi lissafi ranar rabo. Zai kyautu a fara kiran su tun maigida yana zaune a kan buzunsa yana iya faɗin abin da yake nufi, domin in aka jira sai an dawo daga maƙabarta, sau da yawa gonar ce ke zuwa gaban alƙali, zumuncin kuma ya tafi tare da ita.